A Ina Gwanin Rawa Yake Ajiye Takunsa?

Jawabin da aka gabatar a zaman raya al'adu na taron ƙungiya na shekara-shekara

 

Mai girma shugaban wannan zama, iyayenmu hakimai da masu unguwanni, malamanmu magada Annabawa, iyayenmu mata, 'yan uwa Zazzagawa da kuka taso daga Legas da Abuja da Kano da Kaduna da Fatakwal saboda wannan taro, muna yi muku barka da zuwa gida, da fatan kun iske iyali lafiya.

Kwamitin shirya taro ya ɗora mana nauyin yin magana a kan wani abu daga cikin al'adunmu, mu kuwa muka zaɓi rawa. Mun san akwai waɗanda za su ce a ransu, ana maganar ruwan famfo da magudanai da kuɗin makarantar marayu, wa yake ta rawa? Muna roƙonsu su ba mu aron kunne. Kuma tun da wuri bari mu faɗa, mu 'ya'yan garin malamai ne, ba mu kuwa zo nan yin fatawa ba. Abin da shari'a ta hana na cakuɗar maza da mata da batsa, malamai sun yi bayaninsa tun zamanin masu jihadi, ba shi muke karewa ba. Maganarmu a kan rawar manoma ce ranar gayya, da ta maƙera da mahauta ranar bikin ɗan sana'arsu, da takai ta samari, da gaɗar 'yan mata a farin wata, da rawar ƙwarya da iyayenmu mata suke yi a cikin gida ranar suna ko buɗar kai.

Tambayar da za mu bi ita ce wannan. Mutumin da bai taɓa rubuta takunsa a takarda ba, ba shi da littafi ba shi da allo, yaya yake riƙe taku bayan taku, juyi bayan juyi, har kiɗa ya ƙare bai ɓata ba? A ina ya ajiye su? Wanda ya san ma'ajiyar abu shi yake sanin ranar da gara ta shiga, kuma mu muna ganin ta riga ta shiga.

Mu ɗauki takai, tun da dattawa da yawa a wannan zaure sun gan ta da idonsu a ƙauyukan da ke bayan ganuwa. Samari ne suke yin da'ira, kowa da sanda a hannu, wasu da akayau a ƙafa. Da'irar tana tafiya, kowane saurayi yana juyawa ya haɗa sanda da na gabansa, ya sake juyawa ya haɗa da na bayansa, duk a kan bugun ganga. Wanda ya makara da ƙiftawar ido ɗaya, ko dai sandarsa ta sari iska, ko ta abokinsa ta sauka a kan yatsunsa. Ga shi kuwa salon yana sauyawa ba tare da kowa ya buɗe baki ya ce a sauya ba. 'Yan uwanmu da suka zauna a zangon Tamale za su shaida cewa Dagombawa ma, a arewacin Gana, suna da rawa mai wannan suna, a da'ira suke yin ta, da sandunan ƙarfe da manyan riguna.

To, a samu dattijon da ya yi suna a takai lokacin samartakarsa, a zaunar da shi a kan tabarma, a ce, "Baba, in za a juya wajen na baya, wace ƙafa ce take fara tashi?" Sau da yawa sai ya yi shiru, ya kalli ƙafafunsa, daga nan ya ce a bari ya tashi ya gwada. Sai ya miƙe ya yi juyin sannan yake iya ba da amsa. Ƙafarsa ta sani, shi kuwa sai ya tambaye ta.

Masana ƙwaƙwalwa sun daɗe da gano cewa tunawa iri-iri ce, kuma ba a ɗaki ɗaya Allah ya ajiye su ba. A shekarar 1953 likitoci a Amurka suka yi wa wani saurayi mai suna Henry Molaison tiyata saboda farfaɗiya mai tsanani, suka cire wani yanki daga ɓangarori biyu na ƙwaƙwalwarsa. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar bai ƙara iya riƙe sabon labari ba. A gaisa da shi yanzu, a fita a jima a dawo, sai an sake faɗa masa ko wane ne. Wata masaniya da ke aiki a Kanada, Brenda Milner, ta ba shi aikin bin zanen tauraro da fensir alhali ta madubi kawai yake ganin hannunsa, aikin da yake rikita kowa da farko. Kwana uku yana yi, kullum hannunsa yana ƙara faɗawa, kurakurai suna raguwa, amma duk sa'ad da aka kawo masa takardar ba ya tuna ya taɓa yin wannan aiki. Daga nan aka tabbatar cewa iyawar da ke shiga jiki ta hanyar maimaitawa, irin ta tuƙa keke ko sarrafa garma, hanyarta daban da ta labarin da ake faɗa da baki. Wannan ita ce ma'ajiya ta farko, kuma ba a cika ta da komai sai da yi, yau da gobe.

Sai dai iyawar jiki kaɗai ba ta warware maganar jeri ba, wato me ke bin me. A nan mu duba lambar wayar salula da ke aljihun kowannenmu. Lambobi 11 ne, amma ba wanda yake haddace su ɗaya bayan ɗaya. Karya su muke yi gida uku, huɗu da uku da huɗu. A 1956 wani masani Ba'amurke, George Miller, ya nuna cewa abin da mutum yake iya riƙewa a lokaci guda bai wuce abu bakwai ko kusa da haka ba, waɗanda suka zo bayansa ma suka ce ya fi kusa da huɗu. Dabarar ita ce a ɗaure ƙananan abubuwa su zama dami, domin ƙwaƙwalwa dami take ƙirgawa, ba ta damu da yawan zangarniyar da ke cikinsa ba.

A 1973 William Chase da Herbert Simon suka gwada haka a kan masu darar Turawa, wadda ake kira ces. Sukan nuna wa mutum allon wasa na daƙiƙa biyar, su rufe, su ce ya jera 'ya'yan yadda ya gan su. Idan jerin daga wasa na gaske aka ɗauko shi, gwani yakan bar ɗan koyo nesa. Idan kuwa watsa 'ya'yan aka yi barkatai, sai fifikon gwanin ya kusan ɓacewa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan dattawa masu dara a gindin rimi ya san haka: gwani kallo ɗaya yake yi wa gurabun ya ga tarkon da aka ɗana masa. A 1987 Janet Starkes da abokan aikinta a Kanada suka yi irin wannan gwaji da yara masu koyon rawar Turawa da ake kira bale. Ƙwararrun cikinsu sun fi riƙe jerin taku idan an tsara shi bisa ƙa'idar rawar, amma da aka hargitsa jerin sai bambancin ya gushe. Sun kuma lura cewa kiɗa yana taimaka wa tunawa.

Mu a Birni ba baƙi ba ne ga wannan dabara. Maɗinkin babbar riga ba ya ƙirga sau nawa allura ta shiga ta fita. Ya san aska biyu, ya san aska takwas, ya san tambari, kowanne dami ne guda a kansa, ya kuma san wanda yake zama kusa da wane a gaban riga. Haka gwanin rawa yake. Abin da ɗan kallo yake gani motsi goma, ɗaga ƙafa da karkata kafaɗa da juya sanda da sauransu, a wurin gwani abu ɗaya ne, kuma ƙarshen wannan shi ne yake buɗe ƙofar na gaba. Saboda haka ne idan aka katse shi a tsakiya yakan koma farkon damin, ba ya iya ɗorawa daga inda aka yanke.

Yanzu mun zo wurin da muke son mu daɗe a kansa, domin a nan ne rawar Bahaushe take da abin da masu binciken Turai ba su cika samu a tasu ba. Gangarmu magana take yi. Hausa harshe ne mai karin sauti, murya tana hawa tana sauka, ma'ana tana sauyawa da ita. Baba na uba, da baba ta uwa ko goggo, da baba na marina, rubutunsu ɗaya ne, hawa da saukar murya ne suke raba su. Kalangu kuwa an gina shi ne don ya bi wannan hawa da sauka. Makaɗi yana riƙe da shi a hammata, in ya matse igiyoyin fatar sauti ya hau, in ya saki ya sauka, gula tana ba da tsawo da gajarta. Abin da ya fito shi muke kira take, wato kirari ko jimlar da aka faɗa da bakin ganga. Sarki yana da takensa, wanda tambari da kakaki da algaita suke faɗa a ƙofar fada daren Juma'a da ranar hawan Sallah. Hakimi yana da nasa. Kowace sana'a tana da gangarta da takenta: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, garaya ta mafarauta. Har budurwa a dandali takan samu nata, wanda in makaɗi ya buga ta san da ita ake, ƙawayenta ma sun sani.

Ma'anar wannan ga mai rawa babba ce. Yaron da ke koyon bale ƙirga yake yi, ɗaya zuwa takwas, ya sake komawa ɗaya. Namu kuwa jimla yake ji, mai kalmomi, mai farko da ƙarshe, kuma ya san ta tun yana goye a bayan uwarsa. Kowace gaɓa ta jimlar tana da takun da ya zauna a kanta. Saboda haka ba ya bukatar ya riƙe dukan jerin a kansa tun daga farko. Abin da ake bukata gare shi shi ne idan ya ji wannan jimla, jikinsa ya amsa da wannan dami. Duk wanda ya yi karatun allo ya san jan baki, yadda yaro yakan kakare, malam ya ba shi kalma ɗaya, sauran ya zubo da kansa. Ba muna haɗa darajar abubuwan biyu ba ne, Allah ya kiyashe mu, ƙwaƙwalwar da take aikin ce dai guda. Makaɗi shi ne mai jan bakin mai rawa. Da Bahaushe ya ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, mu mun ɗauke ta karin magana ce a kan siyasa da zaman duniya, alhali asalinta bayani ne na yadda ake aikin.

Ko a bori, wanda malamanmu suka daɗe suna yaƙa kuma ba mu kawo shi nan don yabo ba, masu bincike irin su Anthony King, wanda ya yi aiki a Katsina, sun nuna cewa kowane iska yana da takensa a garaya ko goge. Ga kuma motsin da aka san shi da shi: Malam Alhaji da ranƙwafawa da tari, Kuturu da dunƙulallun yatsu. Take ne yake kiran motsin.

Kuma hanyar ba ta gefe ɗaya ba ce. Makaɗin kirki ba ya kallon gangarsa, ƙafar mai rawa yake kallo. Ƙananan ganguna irin su kuntuku suna riƙe da gindin kiɗa ba sa gusawa, shi kuwa babban yana yawo a kansu. In ya ga mai rawa ya yi jinkiri, sai ya ja jimlar ta jira shi. In ya ga ya gaji, ya sassauta. In ya ga jini ya hau, ya tsananta, ya jefa masa taken gidansu don ya tuna ɗan wane ne shi. In ya ga ya ɓata, ya rufa masa asiri da wani salo, 'yan kallo su ɗauka da gangan aka yi. A duba 'yan hoto, manoman nan da suke cilla garma sama su cafe ta ranar kiɗan noma. Garma ƙarfe ce mai nauyi da kaifi, kuma lokacin da za ta bar hannu da lokacin da za ta dawo duk a cikin bugun gangar noma suke. Ɗan hoton da aka haɗa shi da makaɗin da bai san shi ba, in yana da hankali, zai rage wasa.

Ke nan rabin rawar a hannun makaɗi take. Kiɗa kuwa a ƙasar Hausa gado ne, ɗa yana tashi da ƙaramar ganga a bayan ubansa shekara da shekaru kafin a ba shi babba. 'Ya'yan makaɗa da yawa sun shiga boko ko kasuwanci ko haya da babur, kuma ba mai ganin laifinsu, tun da mu da muke zaune a nan ne muka daina kiran iyayensu. In za mu aurar da 'ya, mai lasifika muke ɗaukowa ya sa waƙar da aka haɗa da fiyano a ɗakin ɗaukar sauti. Waƙar tana iya yin daɗi, amma ba ta da ido. Ba ta san ƙafar kowa ba, ba ta san taken gidan kowa ba. Ranar da tsohon makaɗin wata unguwa ya rasu ba magaji, masu rawar da suka saba da shi suna nan da ransu da lafiyarsu, amma an tafi da mabuɗin. Mun sha jin dattawa suna cewa sun manta rawa kaza. Muna kyautata zaton da yawansu ba mantawa suka yi ba, mai kiran ne babu.

Akwai ma'ajiya ta uku, ita ce abokan rawa da filin da ake yin ta. A gaɗa 'yan mata sukan tsaya suna tafi suna amshi, ɗaya ta fito tsakiya ta taka, ta juya baya ta saki jikinta ta faɗo, sauran su tare ta su cilla ta ta dira a kan ƙafafunta. Ba za ta iya maimaita wannan ita kaɗai a ɗaki ba, domin lokacin faɗuwar a tafin ƙawayenta yake, ƙarfin halin sakin jikin kuma daga sanin hannuwansu ya fito. A takai ma sandar na gabanka ita take gaya maka inda taka za ta nufa. Yarinya 'yar shekara biyar tana gefe tana tafi, bayan shekara biyu tana cikin masu tarewa, kafin a ankara ita ce a tsakiya, ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce yau za a koya miki. Dandalin shi ne makarantar. Sai mu tambayi kanmu, daga Kwarbai zuwa Ƙaura, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, dandali nawa ne suka rage ba a kafa shago ko an ja katanga a kansu ba? Ƙauyukan da suka fi mu riƙo kuwa, a shekarun da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a ƙasar Giwa da Birnin Gwari, wane uba ne zai bar 'yarsa ta fita wasan farin wata?

Wani zai ce, ai yanzu da sauƙi, kowa yana da waya mai ɗaukar hoto, a ɗauka a sa a intanet, shi ke nan an adana. Muna son mu tsaya a kan wannan magana, domin mu mazauna birane ita ce ta fi yaudararmu. A 2005 Beatriz Calvo-Merino da abokan aikinta a Landan suka sa gwanayen bale da gwanayen kafuwera, wani wasa na ƙasar Barazil mai haɗa rawa da kokawa, a cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka nuna musu hotunan bidiyo na wasannin biyu. Sassan ƙwaƙwalwa masu shirya motsi sun fi tashi idan mutum yana kallon wasan da shi kansa ya iya. A shekarar da ta biyo suka ƙara tsananta gwajin. A bale akwai takun da maza kaɗai suke yi da wanda mata kaɗai suke yi, alhali tare suke atisaye, kowa ya ga na kowa sau ba adadi. Duk da haka ƙwaƙwalwar kowa ta fi amsawa ga takun da jikinsa ya taɓa yi. Mun saba cewa gani ya kori ji, amma a wannan fage gani ma bai isa ba. Dattijon da ya yi takai in ya kalli bidiyonta, jikinsa yana yi tare da su yana zaune. Jikansa da aka haifa a Abuja in ya kalli bidiyon nan, mutane yake gani suna zagayawa da sanduna. Yana iya kwaikwayon abin da ya gani, kamar yadda yaranmu suke kwaikwayon rawar finafinai da ta TikTok cikin kwana biyu, amma ba zai ji jimlar da gangar take faɗa ba, ba zai kuma san me ya sa aka juya a nan ba a can ba.

Ba wai ba a yi rubutu a kanmu ba. Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ta rubuta tarihin rayuwarta a littafin nan Baba of Karo da ya fito a 1954, kuma a cikinsa akwai labarin makaɗa da rawar 'yan mata da bukukuwa na tun kafin zuwan Turawa. David Ames ya yi bincike a kan makaɗan Zariya a shekarun 1960, shi da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, cike da sunayen ganguna da kaɗe-kaɗe da raye-raye. A nan Samaru, a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, shahararren mai busar nan na Amurka, Yusef Lateef, ya zauna daga 1981 zuwa 1985, shi da Ziky Kofoworola suka wallafa littafi a kan wasanni da kiɗan Hausa a 1987. Duk waɗannan taska ce, Allah ya saka wa masu su. Amma suna da bayani suka adana mana. Mutum zai karanta sunan rawa, da gangar da ake yi mata, da lokacin da ake yin ta, ya rufe littafi bai san inda zai sa ƙafarsa ba. Turawa ma sun ƙirƙiro rubutun rawa, wanda Rudolf Laban ya fitar a 1928, amma har a can 'yan kaɗan ne suke iya karanta shi, kuma yawancin raye-rayensu daga jikin malami zuwa jikin ɗalibi suke wucewa.

Makwabtanmu Kanawa sun nuna cewa rawa tana rayuwa in an ba ta masu yi. Koroso, da ake yi bibbiyu da sarewa da kayan kaɗawa a ƙafa, ta zagaya duniya ne saboda hukumar al'adu ta jiharsu ta riƙe ƙungiya mai atisaye, tsofaffi suna miƙa wa sababbi. Muna da ƙorafi ɗaya a kan irin wannan hanya: rawar da aka ɗora a dandamali don baƙi takan zama mai jeri ɗaya da ba ya sauyawa, hirar nan ta makaɗi da mai rawa ta ragu. Amma wanda yake da rabi ya fi wanda ba shi da komai, mu kuwa ko rabin ba mu tanada ba.

Abin da yake ba mu ƙwarin gwiwa shi ne tsufa ba ya hana koyarwa. Masu bale suna da wata al'ada, in suna bitar rawa ba sa yin ta da ƙarfi, sai su kwatanta, yatsa ya juya a madadin jiki, tafin hannu ya tsaya a madadin ƙafa. A da ana ɗauka don hutu kawai suke yi. A 2013 Edward Warburton da abokansa a Kalifoniya suka gwada, suka samu cewa rawar da aka haɗa bitarta da irin wannan kwatance ta fi fita da kyau a kan wadda aka yi ta maimaitawa da cikakken ƙarfi kawai, domin kwatance yana ba hankali sarari ya tsara jerin. Mu duba iyayenmu mata a gidan biki. Tsohuwar da gwiwa ta hana ta tashi, da an kifa ƙwarya an fara bugu, sai ka ga kafaɗarta tana yi, yatsunta suna taka tabarma, kanta yana nuna inda za a juya. Rawar tana nan cikakkiya a jikinta, an dai rage mata girma ne. In aka sa yarinya a gabanta, za ta iya gyara ta da hannu da ido daga zaune.

Saboda haka ga abin da muke roƙon wannan ƙungiya, kuma kuɗinsa bai kai na kwalbati ɗaya ba. A fara da makaɗa kafin masu rawa, domin su ne suka fi ƙaranci kuma su ne mabuɗi. Ta hannun iyayenmu hakimai da masu unguwanni, a nemo waɗanda suka rage na kalangu da dundufa da gangar noma a cikin Birni da ƙauyukan da ke kewaye, a san inda suke da wanda suke koya wa. A ware yini ɗaya cikin kwanakin Sallah, lokacin da duk muke gida don kallon hawa, a haɗa kowane makaɗi da tsofaffin da suka taɓa rawa a gabansa, kada a haɗa shi da baƙin ƙafa. A biya su hakkinsu a gaban jama'a da mutunci, kamar yadda ake biyan kowane malamin sana'a. In za a ɗauki hoto, na'ura ɗaya ta tsaya a kan ƙafafu, ɗaya a kan hannun makaɗi, kada mai ɗauka ya bi fuskokin manyan baƙi kamar yadda aka saba. Bayan kowane salo a dakata, makaɗin ya faɗi da baki kalmomin da gangarsa ta faɗa, a rubuta su, domin bidiyon da ba shi da wannan kurma ne. Abin da ya shafi gaɗa da ƙwarya kuwa, reshen mata na ƙungiya ya ɗauki nauyinsa, a cikin gida, mata su ɗauki mata, kuma kada a sa hoton kowa a intanet sai da yardarta da ta gidansu. A kai kwafi ɗaya sashen harsuna da al'adun Afirka na Jami'ar Ahmadu Bello, ɗaya Gidan Arewa a Kaduna.

Sharaɗin da muka fi nacewa a kansa shi ne kada a yi wannan zama ba yara a cikin fili. Kowane tsoho a sa masa yara biyu ko uku a bayansa, sanda a hannunsu, su ɓata a gyara musu, sandar abokin ta sauka a yatsunsu sau ɗaya ko biyu. Kuma kada a ce 'ya'yan talakawan unguwa ne za su shiga, namu na Legas da Abuja suna kan kujera suna ɗauka da waya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya zo da ɗa ko jika ɗan shekara bakwai zuwa goma sha biyu, ya ba sakatare sunansa kafin a tashi daga wannan zama, tare da sunan unguwar da kakanninsa suka fito, domin a san makaɗin da za a nema masa.

Allah ya ja zamanin Mai Martaba Sarki, ya jiƙan magabatanmu, ya mai da kowa masaukinsa lafiya.